Tarina a Waƙa ta Huɗu

Shekara ashirin da uku ke nan a Agege
nake jan ƙofar garejin nan da magariba,
bayan layin dogo, inda jirgi kan girgiza
galan-galan na baƙin mai a kan kanta.
Na san kukan inji kamar kukan ɗan cikina.
Wannan kukan ne ban sani ba.

Tasalla ce ta fara.
Tana shekara tara take dukan wili da sifana,
na ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe,
makanikiya za a yi.
Ashe ba gyara take nema a jikin ƙarfen ba,
amsa take jira.

Sai ta kawo Morenike daga Oshodi,
jita goye a baya kamar jariri,
da Nkiruka ta shagon magani, mai tsirkiya huɗu masu kauri
da ke sa haƙarƙarina rawa,
da Yagana 'yar mai canji,
wadda ba ka jin sallamarta sai ka matso,
amma in ta riƙe makirfo
har karnukan mayanka sukan kama bakinsu.

Suka ce, Baba, aro muke so, daga isha'i zuwa goma.
Na ce wuta fa? Suka ce ga janareta.
Na ce mai fa? Suka dubi juna.
Ni na sayi man.

Iya Risika mai tuwo ta zo sau uku,
wai ƙarar tana tsinka mata miya.
Mai shayi ya ce 'ya'ya mata da gangar Turawa, tir,
kafin sati ya matso da teburinsa bakin ƙofa,
don inda aka taru nan burodi ke ƙarewa.

Sun sa wa kansu Tsatsa.
Na ce duk sunayen duniya?
Tasalla ta ce, ita kaɗai ke cin ƙarfe ba haƙori.

Da damina suka ɗauka.
Tsofaffin kujerun mota jingine da bango,
ruwan Legas yana dukan kwano,
dare goma sha ɗaya, waƙa tara,
yatsan Morenike naɗe da salatif ɗin waya.

Yau ga faifan a hannuna.
Hoton ƙofata ne a bangonsa, har da lambar wayata,
tun safe ake kira, ba mai tambayar birki.

Na shiga motar wani da ke jiran gyara,
na ɗaga gilashi, na saka.
Hausa, Yarbanci, Turancin kan titi,
a cakuɗe kamar kasuwar gwari da asuba.
Ban kama rabin zancen ba.
Amma na ji jirgin ƙarfe tara ya ratsa ta biyu,
na ji ɗigon da na yi shekara ina cewa zan toshe
yana faɗa wa bokiti a ta uku.

A ta huɗu kiɗa ya tsaya cak,
kamar inji ya shaƙe a kan gada.
Cikin shirun wani tsoho ya yi tari.

Na san tarin.
Daren nan ina laɓe bayan wata bas,
wai sifana mai lamba sha biyu nake nema,
alhali tana aljihuna.

Na kira ta, na ce a cire, abin kunya ne.
Ta ce, Baba, ai ba ya ciruwa,
daga kansa muke ƙirga komawa:
tari, ɗaya, biyu, sai ganga.

Mai motar ya ƙwanƙwasa gilashi,
yana nuna mini agogonsa.
Na sauke kaɗan, na ce masa sai gobe,
akwai ƙarar da nake saurare a ciki.

Ban yi ƙarya ba.
Saura biyar.